Ciwon Kan Da Ba A Kwana Da Shi A Gida



A ce yau da la'asar kana zaune a ƙofar gida a shiyyar Magaji cikin garin Jega, sai yaro ya fito da gudu ya ce mahaifiyarka ta dafe kai tana salati. Ba faɗuwa ta yi ba, ba kuma da zazzaɓi ta kwana ba. Tana tsaka da alwala ciwo ya sare ta a ƙeya kamar an maka mata taɓarya. Ta yi amai, ta ce a rufe taga domin haske yana damun ta. Bayan awa guda ta ɗan sami sauƙi, har ta ce a bar ta ta kwanta, zuwa safe ma gani. Me za ka yi?

Yawancinmu mun san amsar da aka saba bayarwa. A aika kemis a sayo maganin ciwon kai da na zazzaɓin cizon sauro, a kira mai allura ya sa ruwa, a yi tofi, a jira gari ya waye. Ra'ayina, wanda a kansa na gina wannan rubutu, shi ne cewa wannan dare guda da ake jira ya fi kowace na'ura da kowane ƙwararren likita tasiri a kan ko za ta rayu ko ba za ta rayu ba. Akwai sabuwar hanyar gyaran jijiyar ƙwaƙwalwa da ba a buɗe ƙoƙon kai, tana da kyau ƙwarai, kuma zan yi maka bayaninta dalla-dalla. Amma ba ta amfanar wanda bai isa gare ta da ransa ba.

Abin da ke faruwa a cikin kai

Ka taɓa ganin tub ɗin tayar babur da ya yi rauni a wuri ɗaya, ya kumbura kamar ƙwai idan an hura masa iska? Haka wata jijiyar jini takan yi a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, galibi a mararrabar da jijiya ta rabu biyu. Bangon jijiyar ya yi laushi, bugun jini ya riƙa tura shi shekara da shekaru, har ya zama wata 'yar jaka mai wuya. Likitoci suna kiran wannan kumburi aniyurizim. Bincike ya nuna kimanin mutum 3 cikin kowane baligi 100 suna ɗauke da shi ba su sani ba, kuma mafi yawansu za su gama rayuwarsu bai taɓa fashewa ba.

Idan ya fashe kuwa, jini yakan kwarara cikin ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa. Wannan ne ke haifar da ciwon kan da ke kai maƙura cikin ƙasa da minti ɗaya, wanda majinyata kan ce ba su taɓa jin irinsa ba tun da aka haife su. Sau da yawa yakan zo da amai, da sanƙarewar wuya, da ƙin haske, wani lokaci da suma ko jijjiga irin ta farfaɗiya, ko fatar ido ɗaya ta sauko ta rufe. Ya fi kama mutane tsakanin shekara 40 zuwa 60, ya fi yawa ga mata, kuma hawan jini da shan taba su ne manyan abokan tafiyarsa. Masu ciwon sikila da masu ciwon ƙoda na gado mai sa ƙuraje a cikin ƙoda su ma suna cikin waɗanda abin ya fi shafa.

Tsakanin mutum 10 zuwa 15 cikin 100 sukan rasu kafin a isa asibiti. Sauran kuwa, jinin da ya daskare yakan toshe bakin ramin na ɗan lokaci. Wannan shi ne sauƙin da mahaifiyarka ta ji. Toshiya ce mara ƙarfi, kamar an cusa tsumma a bakin tulun da ya huje. Haɗarin sake fashewa ya fi girma a cikin awa 24 na farko, kuma fashewa ta biyu ta fi ta farko kisa nesa ba kusa ba.

Mu a wannan yanki muna da wani tarko na musamman. Mun san sanƙarau. A farkon shekarar 2025 ya addabi Gwandu da Aliero da Jega, ya ɗauki rayuka. Saboda haka da zarar an ga ciwon kai da sanƙarewar wuya, tunanin kowa can yake tafiya, har da na wasu ma'aikatan lafiya. Bambancin yana cikin yadda ciwon ya fara. Sanƙarau yakan taso cikin awanni ko kwanaki, tare da zazzaɓi mai zafi. Fashewar jijiya kuwa farat ɗaya take sauka, har majinyaci yakan iya gaya maka abin da yake yi a daidai lokacin. Dukkansu biyu na gaggawa ne, amma maganinsu ya sha bamban. Don haka idan ka isa gaban likita, kada ka tsaya a kan "kanta ke ciwo". Ka ce masa: "Likita, lokaci guda ya same ta, da ƙarfe kaza, kuma ta ce ba ta taɓa jin irinsa ba." Wannan jimla tana iya sauya duk abin da zai biyo baya.

Hanyoyi biyu na rufe ramin

Hanya ta farko ita ce tiyata. A buɗe wani sashe na ƙoƙon kai, a bi ta ƙarƙashin ƙwaƙwalwa a hankali, a maƙala ɗan ƙaramin matsi na ƙarfe a wuyan jakar, jini ya daina shiga. Wani likita Ba'amurke, Walter Dandy, shi ya fara yin haka a asibitin Johns Hopkins a shekarar 1937, kuma har yau ana yin ta a duk faɗin duniya.

Hanya ta biyu ita ce bi ta cikin jijiya. Likita yakan huda babbar jijiyar jini a matsematsi ko a wuyan hannu, ya zura siririn bututu mai laushi, yana kallon tafiyarsa a allo, ya bi da shi ta ƙirji da wuya har cikin kai. Ta cikin wannan bututu sai a zura wani da ya fi shi siranta har bakin jakar, sannan a riƙa tura lallausar waya ta ƙarfen filatinom tana nannaɗewa a ciki kamar ƙullin zare, har jakar ta cika. Jini ya daskare a jikin wayar, ramin ya toshe daga ciki. Wani likita a birnin Mosko, Fedor Serbinenko, ya share fagen wannan aiki a shekarun 1970 da 'yan ƙananan balan-balan. Daga baya Guido Guglielmi, ɗan ƙasar Italiya da ke aiki a jami'ar Kalifoniya a Los Anjeles, ya ƙirƙiro wayar da ake iya sakinta a ciki bayan an tabbatar ta zauna daidai. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 1995.

Wacce ta fi? Ba a bar wannan tambaya ga ra'ayin kowa ba. An yi wani babban gwaji mai suna ISAT, wanda likitoci a Oksfod ta ƙasar Ingila suka jagoranta, aka raba majinyata 2,143 gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Mujallar Lancet ta buga sakamakon farko a 2002, cikakken kuma a 2005. Bayan shekara guda, cikin waɗanda aka yi wa aikin waya, kashi 23.5 cikin 100 ne suka rasu ko suka zama sai an yi musu hidima. Cikin waɗanda aka buɗe wa kai kuwa, kashi 30.9 ne. Ma'ana, a kowane mutum 100, an sami ƙarin kimanin mutum 7 da suka tashi da ƙafafunsu. Da aka bi majinyatan Ingila har shekara 10, kashi 83 na masu waya suna raye, na masu tiyata kuma kashi 79.

Wannan riba ce ta gaske, kuma ita ta sa a ƙasashen da ke da hali aikin waya ya zama zaɓin farko ga yawancin majinyata. Sai dai akwai abubuwa uku da mai tallar asibiti ba lalle ya gaya maka ba.

Na farko, sama da majinyata 9,000 aka duba kafin a zaɓi waɗannan 2,143. Waɗanda aka ɗauka su ne waɗanda likitoci suka ga kowace hanya za ta yi musu, kuma mafi yawansu sun iso asibiti cikin hayyacinsu. Wato alƙaluman nan labarin mutanen da suka zo da wuri ne.

Na biyu, wayar takan lotsa bayan wani lokaci, jini ya sake samun kafar shiga wuyan jakar. Shi ya sa ake maimaita hoton jijiya bayan kamar wata 6, da kuma bayan haka, kuma waɗanda ake sake yi wa aiki sun fi yawa a cikin masu waya. Matsin ƙarfe, idan ya zauna daidai, ya fi ɗorewa. Ga mutumin Maiyama da zai sayar da shanu kafin ya koma Abuja a duba shi, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Na uku, akwai jakar da ba ta dace da waya ba. Idan wuyanta yana da faɗi, ko wata jijiya ta fito daga jikinta, ko jini ya taru ya yi gudan da ke danne ƙwaƙwalwa har sai an kwashe shi, to tiyata ce ta fi. Idan kuma jakar tana can baya kusa da tushen ƙwaƙwalwa, ko majinyacin ya tsufa, aikin waya ya fi sauƙi a gare shi. Kuma rashin yanka ba ya nufin rashin haɗari: jakar tana iya fashewa ana tsakiyar aiki, gudan jini yana iya toshe wata jijiya ya jawo shanyewar ɓarin jiki.

Guntun gatarinka

Yanzu mu dawo gida. Aikin waya yana buƙatar ɗaki na musamman mai na'urar hoton jijiya, da wutar da ba ta yankewa, da wayoyin da ake shigowa da su daga waje da kuɗin ƙetare, da likitan da ya ƙware. A Najeriya wuraren da suka haɗa waɗannan duka 'yan kaɗan ne, galibinsu a Legas da Abuja, kuma kuɗin aikin miliyoyin naira ne. Tiyatar ƙwaƙwalwa kuwa ta daɗe a ƙasar nan, tun lokacin da Farfesa Latunde Odeku ya kafa sashenta a asibitin koyarwa na Ibadan a 1962. A yankinmu akwai cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, tafiyar kamar awa biyu daga Jega ta hanyar Tambuwal.

A nan ne iyalai masu ɗan hali suke faɗawa wani tarkon. Wani ɗan'uwa ya karanta a intanet cewa akwai aikin da ba a fasa kai. Sai a ƙi sa hannu a takardar tiyata, a shiga neman biza zuwa Indiya ko Masar, a shiga karo-karon kuɗi, mako biyu su wuce majinyaci yana kwance da tsumma a bakin tulu. Ka'idojin da ƙungiyar likitocin zuciya da shanyewar jiki ta Amurka ta fitar a 2023 sun ce a rufe jakar da wuri gwargwadon iko, in da hali cikin awa 24. Ribar mutum 7 cikin 100 da waya ta fi tiyata da ita ba ta kai asarar da jiran mako biyu ke jawowa ba. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Idan hanyoyin biyu suna gabanka a rana ɗaya, kuma likita ya ce kowacce za ta yi, ka zaɓi waya. Idan tiyata ce kaɗai za a iya yi a yau, a hannun wanda ya saba yin ta, kada ka ƙi ta saboda tsoron wuƙa.

Abin da za ka yi a daren farko

Ka kai majinyaci asibiti mafi kusa nan take, ko na Jega, ko na Aliero, ko na Maiyama, domin a auna jini, a rage masa zafi da amai, a rubuta takardar tura shi gaba. Amma ka sani cewa ba a tabbatar da wannan ciwo da ido ko da gwajin jini. Sai da hoton kai na CT, wanda ya fi nuna gaskiya idan an yi shi cikin awa 6 na farko. Idan an makara hoton bai nuna komai ba, likita yana iya ɗibar ruwan ƙashin baya ya duba alamar jini.

Kafin mota ta tashi, ka roƙi likita ya buga waya Birnin Kebbi ko Sakkwato ya tabbatar na'urar tana aiki kuma akwai wanda zai karɓe ku. Zuwa wurin da na'ura ta lalace ɓata awanni ne.

A hanya, a kwantar da shi kansa a ɗan ɗage. Idan ba ya cikin hayyacinsa, a juya shi ta gefe don kada amai ya shaƙe shi, kada kuma a ɗura masa ruwa ko jiƙo ko rubutu a baki. Kada a ɗora shi a babur. Kada a ba shi asfirin, ko diklofenak, ko ibuprofen, domin suna hana jini daskarewa yadda ya kamata. Kada a ninka masa maganin hawan jini da ka. A tafi da duk magungunan da yake sha, musamman idan akwai na tsinka jini.

Addu'a kuwa a yi ta a cikin mota, ba ta hana tafiya. Aliero ta yi suna wajen ɗori, har daga ƙasashen maƙwabta ake zuwa, amma babu maɗorin kirki da zai ce yana ɗora jijiyar da ke cikin ƙoƙon kai. Ƙaho da sakiya da turare ba sa isa wurin.

Idan kun isa gaban likitan ƙwaƙwalwa, ga tambayoyin da suka dace: Ina jakar take, kuma yaya wuyanta? Wace hanya ta fi dacewa da ita? Wacce za a iya yi a nan, kuma yaushe? Idan sai an tura mu, jikinsa zai ɗauki tafiyar? Likitan kirki ba ya jin haushin irin waɗannan tambayoyi. A kuma wakilta mutum ɗaya da zai yanke shawara, domin jiran sai kawu ya iso daga Legas ya cinye kwanakin mutane da yawa.

Bayan an rufe ramin

Kada ka ɗauka an gama da zarar an fito daga ɗakin aiki. Jinin da ya riga ya zuba yana nan, kuma tsakanin kwana na 4 zuwa na 14 yakan sa jijiyoyin ƙwaƙwalwa su tsuke, har wani sashe ya rasa jini. Domin rage wannan haɗari ake ba da maganin nimodifin, kowace awa 4, dare da rana, har kwana 21. Ko da ba a sami halin yin aiki ba, wannan magani yana da amfani, ka tambayi likita a kansa. Haka kuma jinin yana iya toshe magudanar ruwan ƙwaƙwalwa, ruwa ya taru, sai an sa bututu an zuƙe shi. Idan majinyacin da ke magana jiya ya fara yawan barci yau, ko maganarsa ta karkace, ko hannu ɗaya ya yi nauyi, ka kira ma'aikaciyar jinya a take. Wannan ne dalilin da ya sa neman sallama a kwana na biyar, don ya ce ya ji sauƙi, kuskure ne babba.

Gaskiyar da ya kamata iyali su riƙe ita ce, ko a ƙasashen da suka fi kowa kayan aiki, wajen mutum 1 cikin 3 da wannan ciwo ya kama ba ya tsira. Cikin waɗanda suka tsira, da yawa sukan koma gida da ƙafafunsu amma da gajiya mai tsanani, da mantuwa, da saurin fushi, da baƙin ciki mara dalili. Ɗan kasuwar da yake lissafin buhunan albasa da ka yana iya kasa riƙe lissafin cefane na wasu watanni. Ba lalaci ba ne, ba kuma iska ba ce. Raunin ƙwaƙwalwa ne da ke warkewa a hankali, kuma haƙurin iyali rabin maganinsa ne.

Wani zai ce, ai mafi yawan ciwon kai ba wannan ba ne, don me za a tayar wa talaka hankali ya kashe kuɗin mota da na hoto? Gaskiya ne, ciwon kan rana da na gajiya da na zazzaɓi ba su buƙatar CT. Magana ake a kan nau'i ɗaya tak, wanda ya sauka farat ɗaya da ƙarfin da ba a taɓa ji ba. Ko a cikin irinsa, da yawa za su dawo da hoto mai kyau. Wanda ya dawo da hoto mai kyau ya yi asarar kuɗin mota. Wanda ya zauna a gida alhali jakar ta fashe, abin da ya sa a caca ya fi haka.

Haƙƙin da ke kan hukuma da wanda ke kanka

Ba na ganin abin da Jihar Kebbi ta fi buƙata a yau shi ne ɗakin aikin waya. Abin da ya fi gaggawa shi ne na'urar CT da ke aiki dare da rana a kan kuɗin da talaka zai iya biya, da motar ɗaukar majinyata mai mai a cikinta, da nimodifin a kantin maganin asibiti, da horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su riƙa tambayar yadda ciwon kai ya fara. Ya kamata hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KECHEMA, ta dubi yadda hoton gaggawa zai shiga cikin abin da take ɗauka. Bayan haka sai a haɗa kai da Sakkwato da Zamfara a nemi cibiya guda ta aikin jijiya da za ta wadatar da yankin baki ɗaya, domin irin wannan aiki hannun da ke yawan yin sa ne ke iya shi.

Kai kuma, naka aikin yana farawa tun kafin ranar. Ka auna jininka, ka auna na iyayenka. Idan an ɗora ka a kan maganin hawan jini, kada ka ajiye shi don ka ji garau, domin hawan jini ba ya sallama. Ka rage gishiri da dunƙulen miya. Ka rabu da taba. Idan mutum biyu a cikin iyayenka ko 'yan'uwanka na ciki ɗaya sun taɓa samun wannan fashewa, ka gaya wa likita, domin akwai hoton da ake yi a duba kafin abu ya faru. Kuma yau, kafin ka kwanta, ka gaya wa mutanen gidanka alamar wannan ciwon kai, ka ajiye lambar direban da zai amsa waya da ƙarfe biyun dare.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya tsare mu da zuri'armu. Amin.